Inda Kowacce Ta Jefa Akuya a Ruwa

Ranar Laraba wayar Siddiƙa ta faɗa cikin bahon wanki. Ranar Alhamis da sassafe ta hau mota daga Fulatan zuwa Ƙaraye, wajen ɗan kawunta Awaisu mai gyaran waya. Ba hotuna ne suka dame ta ba. Akuya ce.

Akuyar tana cikin wani wasan waya da Siddiƙa ta saya shekara biyu da suka wuce. Kogi ne da duwatsu, kowane dutse da harafi a kansa. Murya za ta faɗi kalma, kai kuma ka taɓa haruffan a jere, akuya ta tsallake. In ka kuskure, sai ta tsunduma ruwa da wani irin kuka mai ban tausayi. Da wannan wasan Siddiƙa take koyar da mata goma sha ɗaya karatun boko duk Asabar, a tsakar gidan Inna Turai. Sau biyu a baya an buɗe musu aji da allo da alli, sau biyu suna watsewa, don babu babbar macen da ke son a gyara mata kuskure a gaban tsararrakinta. Amma akuya ta faɗa ruwa, wannan ai abin dariya ne. Wasan hawa sittin ne, sun kai na arba'in da ɗaya.

Awaisu ya kwance wayar, ya busa, ya girgiza kai. Ya sa mata layinta a wata tsohuwar waya tasa, ya shiga neman wasan. Ya daɗe yana nema.

"Malama, akuyarki fa ta bar gari."

"Yaya Awaisu, don Allah bar wasa."

"Ai wasan ne ya bar ki. Kamfanin sun janye shi tun bara. Wanda yake da shi a waya, yana da shi. Wanda ya rasa, shi ke nan."

"Amma ai na saya!"

"Izinin bugawa kika saya. Yana nan a rubutun nan mai tsawo da kowa ke danna wa na yarda." Ya dube ta yana murmushi. "Ke da ko takardar ƙunshin ƙosai sai kin karanta, wannan ce ta wuce ki?"

Ba ta yi dariya ba. Duk hanyar komawa tana ta shirya yadda za ta faɗa wa matan, duk jimlar da ta ɗauko sai ta ji ba ta yi ba.

Ranar Asabar suka hallara kan tabarmi, ana ta gaishe-gaishe, ina gajiya, ya yara, ya aka ji da cirar gyaɗa. Siddiƙa ta yi musu bayani. Lauratu, wadda kullum take fara zuwa, ta jawo mayafinta.

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni dai allo da alli, a kai kasuwa."

Mata biyu suka fara laluben takalmansu.

Inna Turai ba ta motsa ba. Ta haura shekara sittin, matar wani alaramma ce da ya rasu, kuma ita ce mafi jinkirin hannu a ajin. Tana ɓarar gyaɗa a faranti ta ce, "Lauratu, zauna. Siddiƙa, 'yar nan, shi mai akuyar ya zo ya kwashe abin da ke kanmu ne?"

"A'a, Inna."

"To me aka yi? Marigayi Malam in zai yi satu, wato ya rubuta da ka ba ya duba littafi, ba ya yarda da kansa shi kaɗai. Sai ya tara 'yan'uwansa alarammomi a yi darasu. Yana karantawa, wanda ya ji ɓata ya tsayar da shi. Astagfirullah, ba haɗa wancan da akuya nake ba. Hanyar aikin nake nufi. Ɗauko littafinki."

Siddiƙa ta ɗauko biro da littafi, ta ce, "Wa ta tuna hawa na ɗaya?"

Aka kalli juna. Wata ta ce gida, wata ta ce a'a, rana. Nan take abin ya cakuɗe.

"Ba haka ake tambaya ba," in ji Inna Turai. "Wurin da mutum ya wuce salin-alin ba ya tuna shi. Ki tambayi kowacce inda ta jefa akuya a ruwa." Ta nuna ƙirjinta. "Ni hawa na uku. Sau goma sha huɗu. Kaza, kifi, kujera, sannan wannan la'ananniyar ƙofa mai ƙugiya a ka."

Dariya ta ɓarke. Lauratu ta saki mayafin.

"In dai wannan ne, na goma sha bakwai nawa ne. Bari da ɓari. Sau tara! Har mafarkin kukanta na yi."

"Sau tara a gabanmu," wata ta ce. "Ban da wanda kika yi da Malama ta shiga alwala."

"Ke Talatu, rufe mana baki, ke da kika nutsar da ita a kan sunan mijinki!"

"Muntaka ne bai iya zaɓen suna ba!"

Siddiƙa tana rubutu hannunta har ciwo yake. Duk wadda ta kawo kalmomin hawanta, sai sauran su tsayar da ita, a yi musu, a daidaita. Ta ɗago ta kalli Inna Turai, wadda ta koma ɓarar gyaɗarta kamar ba ita ta tayar da wannan hayaniyar ba. Shekara biyu Siddiƙa tana ganin tsohuwar ita ce ta baya a aji. Ashe ita ta fi kowa sanin yadda karatu yake zama a kan mutum.

Asabar uku suka yi a haka. Hawa biyu ne kawai suka gagara, don babu wadda ta taɓa faɗuwa a cikinsu. Suka yanka kwalin taliya, Siddiƙa ta rubuta haruffa manya-manya, aka jera su a ƙasa a matsayin duwatsu. Babu akuya, saboda haka wadda ake yi wa tambaya ita ke takawa da ƙafarta, in ta kuskure duk ajin su yi mata kukan. Lauratu ta fi kowa iyawa.

A Asabar ta huɗu suka tsallake hawa na arba'in da ɗaya, mata goma sha ɗaya cif, ga kuma maƙwabciya guda da dariya ta jawo. Sai aka tsaya. Babu wadda ta taɓa ganin abin da ke gaba.

"Inna, daga nan ban san me suka sa ba," in ji Siddiƙa a hankali.

"Su wa?"

"Masu wasan."

"Su ma ai wani ne ya zauna ya ƙago." Inna Turai ta tura mata ragowar kwalin da ƙafa. "Rubuta mana naki. Amma ki sa da wuya, 'yar nan. Ina so in ga Talatu a ruwa."

Siddiƙa ta cire murfin biron. Ta rubuta harafin farko.