Rigar da Mai Hoto Ya Gani a Waya

Ni mai hoto ne, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to idona ne. Nuna min hoto, kafin ka ƙifta na gaya maka ta inda haske ya shigo, da ko mai ɗaukar gwani ne ko ɗan koyo. Na sha rage wa mutane tumbi, na goge ƙuraje, na mayar wa dattijo gashin da ya rabu da shi tun ina rarrafe. Shi ya sa in na ji an damfari wani da hoto a intanet, dariya nake yi har da riƙe ciki.

Matata tela ce. Ɗakin ɗinkinta yana bayan shagona, ƙofa ɗaya ce tsakani. Duk rigar da ta gama sai ta sa wa mutum-mutumin da ke jikin taga, in shigo in ɗauka, in gyara, in ɗora a shafinta don masu saye. Ita kuwa tun aurenmu ban taɓa ganin ta da kayan da ba kekenta ya ɗinka ba, yawanci ma da ragowar yadin mutane.

Da aka sa ranar yaye 'yarmu daga makarantar koyon jinya, sai na bugi ƙirji.

"Maman yara, wannan karon kada ki ɗinka wa kanki komai. Ni zan kawo miki riga. Ki ji yadda ake ji in wani ne ya sha wahalar."

Ta cire allura daga bakinta ta dube ni. "Kai ɗin, Maigida? Ka ma san awona?"

Na ce ta zuba ido kawai. Ta yi murmushi ta koma kan keke, kuma ta riƙe maganata da gaske, ta cika tebur da ɗinkin mutane har zuwa ranar.

Ina zaune a shago ina latsa waya na ci karo da rigar. Doguwa ce shuɗiya, a jikin mutum-mutumi, amma ni ba ita ta fara kama ni ba, hoton ne. Haske ya shigo ta dama a hankali, ya kwanta a kafaɗa, ya gangara bai ƙona ko'ina ba. Na ce a raina, duk wanda ya ɗauki wannan ya san aikinsa, kuma kantin da zai iya biyan irin wannan gwani ba ƙaramin kanti ba ne. Har wani ɗan kishi na ji.

Na leƙa shagon maƙwabcina mai gyaran waya don ya taya ni biya, tunda ni ban iya ba. Ya karɓi wayar ya yi ta ja sama da ƙasa, fuskarsa tana ƙara tsukewa.

"Mai hoto, wannan kantin ina yake? Ba adireshi. Lambar da suka sa ma, ga ta, a kashe take."

"Manyan kantuna ba su da lokacin ɗaga waya."

"Duba masu yabon nan. Duk bakinsu ɗaya, kamar mutum guda ne ya zauna ya rubuta, ba ko mai ƙorafin an makara. Shafin kansa bai daɗe da buɗewa ba. Ga arha kamar kayan tsintuwa. Kuma asusun da za ka tura kuɗin sunan wani mutum ne, ba na kanti ba. Ka ce musu sai kaya sun iso hannunka za ka biya, ka ji amsarsu."

Na nuna masa agogon da ke gudu a saman shafin, da jan rubutun da ke cewa rigar ta kusa ƙarewa. Ya ce in dawo gobe, zan tarar da agogon yana gudunsa, rigar kuma tana nan tana kusa da ƙarewa. Raina ya ɓaci. Na ce masa shi cikin waya ya sani, ni kuwa hoto na sani, kuma wannan hoton na mutanen kirki ne. Ya ɗaga kafaɗa ya tura kuɗin.

Daga nan sai jira. Kullum na ji ƙarar babur sai in fito bakin ƙofa kamar mai jiran baƙo. Na aika musu saƙo, suka ce kaya suna hanya. Na sake aikawa, shiru. Maman yara ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ba, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo.

Ana gobe taron, da hantsi, ɗan aike ya miƙo min wata leda da ba ta kai nauyin hankici ba. Na buɗe a bayan labule. Abin da ke ciki shuɗi ne, wannan kam ba su yi ƙarya ba. Amma yadin kamar na laima, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma in aka matsa ƙila ya shiga jikin 'yar tsana. Na nemi shafin don in zazzage musu abin da ke cikina, babu shi babu alamarsa. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Gobe matata za ta zauna cikin iyayen ɗalibai, kuma ni da bakina na hana ta ɗinki.

Na ɗauki ledar na tura ƙofar tsakani. Tana guga. Ta ɗaga abin da yatsa biyu, ta juya shi, ta ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Ba haka take a hoto ba, wallahi," na ce. Na buɗe hoton, don na adana shi a waya saboda in koyi dabarar hasken. "Ki duba, ki gani ko ke ce ba za ki ruɗu ba."

Ta ajiye dutsen guga ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta buɗa hoton da yatsu ta kai shi can gefe.

"Maigida, mene ne wannan?"

Labule ne a bayan rigar, an kama gefensa da abin maƙale shanya. Na ɗago kai. Ga labulen nan a tagarta, ga abin maƙale shanyar da ni da hannuna nake kama shi da shi kullum in zan ɗauki hoto. Juya hoton suka yi, hagu ya koma dama, suka sauya launin, suka yanke sunanta daga ƙasa. Gwanin da na yi ta yabo, har ina kishinsa, ni ne. Na nemi kujera na zauna.

Ta buɗe kabad ta zaro wata riga daga ƙasan kaya, a naɗe cikin tsohon zane. Ta warware ta. Koriya ce, amma wuyan nan ne, hannun nan ne, ita ce dai.

"Ta wace ce ba ta zo ta karɓa ba?" na tambaya.

"Tawa ce. Bara na ɗinka wa kaina, da sabon yadi. Bayan ka gama ɗaukar ta na sa, na fito na tsaya a ƙofar nan don ka gani."

"Me na ce?"

"Ka ce in ɗan matsa, ina tare maka haske."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ita ta fitar da ni. Ta shimfiɗa rigar a kan tebur, ta miƙo min dutsen gugar.

"Ka ce wani ne zai sha wahalar. Bismilla. Ka bi wuyan a hankali."

Washegari ta sa ta. A filin taron rana ta take, hasken ya lalace, irin wanda in a wurin aiki ne sai in ce a jira. Ta tsaya kusa da 'yarmu, na ɗaga kyamara, sai na sauke. Maman yara ta ce, "Yaya dai, in matsa ne?"

Na ce a'a, ta tsaya a nan, kallon ta nake yi.