Mai Faci a Cikin Baho

Ran Talata ne, ana yayyafi tun safe, likita ta gaya wa mai faci jijiyoyin jininsa sun yi tauri.

"Hawan jini ne ya jawo, Baba," in ji ta. "Zuciyarka na ta turawa da ƙarfi, har namanta ya fara kauri. Ga ƙwayoyi, kullum ɗaya. In nan da mako biyu bai sauka ba, gado zan ba ka."

Gadon asibiti kuwa rufe rumfa ke nan, ga wani sabon mai faci a tsallaken titi ya zuba ido.

Amma shi shekara talatin yana fama da roba. Ya san maganin tiyo in ya ƙandare: ruwan ɗumi da giris. Wannan yarinyar ce za ta koya masa taurin abu? Ya juye ƙwayoyin cikin gwangwanin notuna.

Kullum da hantsi sai ya ɗumama ruwa, ya cika bahon da yake neman hujin taya, ya mulke jikinsa da giris, ya shiga ya zauna, gwiwa a haɓa.

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo. "Tsohon Tiyub, ta ina kake yoyo?"

"Tafi can. Laushi nake yi."

"Wallahi ga kumfa nan na tasowa ta baya. In kawo gam?"

Da matarsa ta kawo abincin rana ta ce, "Maigida, ka sha maganin kuwa?"

Ya danna damtsensa da babban yatsa, yadda yake gwada taya. "Taɓa ki ji. Ya sauka sosai."

Rana ta goma sha uku wata babbar mota ta tsaya da taya a ƙasa. Ya yunƙura zai tashi kafin na tsallake ya riga shi, baho ya riƙe ƙugunsa gam, ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi ya ƙi fita. Haka mai walda da matar suka ɗora shi a bayan wata mota, har da bahon. A asibiti sai da aka kawo almakashin kwano aka yanka bahon.

Likita ta auna, ta dube shi, ta dubi giris ɗin da ya ɓata mata riga.

"Gado na huɗu," in ji ta.

Abin da aka rasa: baho ɗaya, giris gwangwani uku, rigar likita, direbobi bakwai da suka koma tsallake, da wani ɗan yanki na naman zuciya da likita ta ce ba a yi masa faci.