Usur ɗin Mai Shara

A ƙungiyarmu ta masu hawan dutse da keke akwai muƙamin da ba mai so, shi ne mai shara. Ba tsintsiya ake ba shi ba. Usur ake rataya masa a wuya, a ɗaura masa famfo da kayan faci a jikin keke, a ce ya zama na ƙarshe. Duk wanda ya gaji ko tayarsa ta fashe, nasa ne. Idan ya iso ƙololuwa sai ya busa usur sau uku, ma'ana ba wanda aka bari a baya. Sai an ji wannan busar ake buɗe fulas ɗin shayi.

Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen damina, muke hawa dutse mafi tsawo a wajen Shere, ta tsohuwar hanyar burji da aka share domin tare gobarar daji. Wanda ya kai sama kafin ƙarfe tara zai ga Jos gaba ɗayanta a ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ya makara sai dai ya ga gajimare, fari fat, ya sha shayi ya sauko.

Ni Lateef, mai sayar da kayan gyaran babur a Dilimi, sau biyu ina makara. Shekarar farko ma amai na yi a tsakiyar hanya, na kwanta a gindin ƙyarana ina rantsuwa zan sayar da keken. Wanda ya zauna da ni ran nan shi ne Baba Benedict, tsohon ma'aikacin safiyo, wanda ya ƙirƙiro dokar usur ɗin kuma ya riƙe shi shekara shida. Ya ba ni ruwa, ya tura kekuna biyu, nawa da nasa, bai kuma taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba.

A shekara ta uku na shirya. Na rage teba, na daina cin tuwo da dare, na sa sababbin tayoyi. Sai ga Dung, shugabanmu, da safe a bakin hanya yana miƙo mini usur.

"Gwiwar Baba ba za ta iya shara ba kuma. Bana kai ne."

Na yi murmushin dole na karɓa. Mu goma sha huɗu ne, kuma kowa ya san wanda zai zama na sha uku.

Haka kuwa aka yi. Kafin mu wuce gonakin acca sauran sun ɓace mana. Baba Benedict yana taka feda a giya mafi sauƙi, yana numfashi kamar zugazugin maƙera, ni kuma ina bayansa ina danna birki a kan hawa, abin da ban taɓa jin an yi ba. Ruwan daren jiya ya zaizaye hanyar, duk ramuka da tsakuwa. Sama kuwa tas take, ko ɗigon gajimare babu. Na duba agogo, takwas da minti goma. Na sake dubawa, takwas da kwata.

A kwanar da ke da wani faffaɗan dutse ya sauka ya zauna.

"Bari in ɗan huta, Lateef. Minti biyar."

"Baba, ka huta sosai. Bari in leƙa gaba in ga yadda hanyar take, yanzu zan dawo."

Ya dube ni, ya ɗaga hannu kawai. Na san ƙarya nake yi tun kafin in rufe baki, shi ma ina jin ya sani.

Ban taɓa hawa da ƙarfi irin na ran nan ba. Famfon yana ta bugun ƙarfen kekena, kwas kwas, ban ko tuna abin da yake nufi ba. Tara saura minti takwas na fito sarari, sai ga garin. Ruwan Lamingo yana ƙyalli, jajayen rufin gidaje har iya ganin ido, tsofaffin tafkunan kuza a wajen Rayfield. Na zaro waya na yi ta ɗaukar hoto.

"Ina Baba?" in ji Dung.

"Ga shi nan a bayana, kwana ɗaya ce tsakaninmu."

Iskar wurin tana da sanyi, mutane sun jiƙe da gumi suna karkarwa. Firisila, mai kawo mana shayi duk shekara, ta rungume fulas tana kallon wuyana.

"To oga mai shara, busa mana, hannuna ya ƙage."

Na sa usur a baki na busa sau uku.

Aka sha shayi. Gajimaren ya taso daga kwari ya rufe komai. Minti goma, ashirin. Hira ta fara mutuwa, Dung yana ta kallon bakin hanya, ba ya kallona. Ya kamata in hau keke in koma, amma komawar tana nufin in amsa laifi a gaban mutum goma sha biyu, sai na tsaya ina juya kofi. Wannan tsayuwar ta fi tafiyar da na yi muni, kuma ita ce har yau ke hana ni sakewa in na tuna.

Bayan minti arba'in Dung ya sa hular kwano zai sauka, sai muka ji ƙarar tsakuwa. Baba Benedict ne ya fito daga cikin gajimaren yana tura keke yana ɗingishi. Tayar bayansa ta fashe, ya cusa mata ciyawa tam don kada ƙarfen ya lanƙwashe, ganyen na leƙowa ta gefe. Kowa ya kalli ciyawar, sannan kowa ya kalli famfon da ke jikin kekena. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Me kuke kallo?" in ji Baba, yana haki. "Ni na kore shi. Na ce ya je ya ga gari, kar tsoho ya ɓata masa shekara. Tayar ma sai bayan ya tafi ta yi."

Dung ya dube ni yana jira in ce wani abu. Na kau da kai. Firisila ta jijjiga fulas, ba ko ɗigo, ta sunkuyar da kai.

Na ciro famfo na durƙusa gaban kekensa, na fara zaro ciyawar da hannuna, don in samu inda zan ɓoye fuskata. Ya zauna a kan dutse kusa da ni yana matsa gwiwa, ya yi ƙasa da murya.

"Ka samu garin a buɗe?"

"Na same shi, Baba."

"Madalla. Ni hawana bakwai ke nan, ban taɓa riskarsa ba. Kullum sai dai su ba ni labari." Ya miƙo hannu. "Ka ɗauki hoto, ko? Mu gani."

Na ba shi wayar. Ya sa tabarau, ya yi ta turawa da yatsa a hankali. Hoto goma sha ɗaya ne, kuma a kowanne fuskata ce ta cika allon, ina washe haƙora, usur a ƙirjina, garin kuwa ɗan tsiri a bayan kunnena.

Ya kai ƙarshe ya dawo farko, ya sake dubawa, yana karkata wayar ko zai hango wani abu ta gefen kaina. Sannan ya miƙo mini ita.

"Ka yi kyau," ya ce.