A Bencin Sashen Gashi

"Mama, wa ya lalata mini ƙafa?"

Sailuba na durƙushe tana ɗaure wa 'yarta takalmin roba mai riƙe idon sawu, sai hannunta ya tsaya a kan igiyar. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta ji ludayin mahaifiyarta ya daina motsi a kwanon kunu.

"Wa ya ce miki an lalata?"

"Kamal na ajinmu. Ya ce ba a haihuwar mutum yana jan ƙafa, sai dai wani ya yi masa."

"Bilqis, shanye kununki. Mun makara."

Shekara huɗu ke nan da abin. Sailuba tana bautar ƙasa a lokacin, ta bar yarinyar a hannun mahaifiyar tata, Iya, a Kwandere. Zazzaɓi ya kama ta, Iya ta goya ta zuwa wani kemis. Mai kemis ya miƙo maganin sha, Iya ta ƙi, don a wurinta ciwon da ba a yi wa allura ba, ba a ma fara maganinsa ba. Ya soka allurar a ɗuwawu, ta sami jijiya. Tun daga ranar tafin ƙafar hagu ya saki. A dangi kowa shan inna yake cewa. Sailuba karatun gashin ƙashi da jijiya ta yi a jami'a, ta san ba shi ba ne, amma ba ta taɓa faɗa a gaban Iya ba.

Yau da ƙarfe sha ɗaya za a yi mata intabiyu ta bidiyo, ta shiga digiri na biyu. Wannan ne nemanta na uku. Gurbi huɗu ne kacal a ɓangaren yara, kuma hutun karatun da aka amince mata a wurin aiki bana zai lalace in ba ta samu ba. Binciken da ta rubuta musu za ta yi, a kan yaran da allura ta nakasa ne a Lafiya da kewaye.

Su uku suka hau keke napep, don yau ma ranar atisayen Bilqis ce, kuma Iya ba ta taɓa fashi ba. Suka sauka a asibitin da Sailuba ke aiki.

Ta farko a layi wata manomiya ce daga Doma, Ngodoo, da 'yarta Ngunan mai shekara uku. Sailuba ta sa yarinyar ta taka. Ƙafar dama tana shara ƙasa. Ta shafa ɗuwawunta, ta ji ɗan ƙululu a daidai inda take zato.

"An yi mata allura kwanan nan?"

"A'a, madam. Shi ya kwanta lafiya, ya tashi haka," in ji ta, da Hausarta da ba ta bambance mace da namiji.

"Ko a kemis? Ba faɗa zan yi miki ba."

"Ban kai shi ko'ina ba," in ji Ngodoo, idonta a kan siminti.

Sailuba ta rubuta a kati cewa ba a san dalili ba. Yara arba'in da uku ta gani masu irin wannan ƙafa cikin shekara biyu, tara ne kawai iyayensu suka amsa cewa an yi allura.

Terhide, abokin aikinta, ya leƙo. "Madam Sailuba, na kunna kwamfuta a ofishin oga. Wayata na ɗaure shi a taga da bandeji, nan ne kawai netwok yake zama. Abeg, ko iska kar ya taɓa shi."

Saura minti goma ta fito ta leƙa Bilqis, wadda ke tafiya tsakanin ƙarafa biyu tana ƙirga taku. Za ta koma ke nan ta ji muryar Iya daga dogon bencin jira. Ta tsaya a bayan labule.

Iya na zaune kusa da Ngodoo, tana ɓare wa Ngunan lemo.

"A wane kemis ne, 'yata?"

"Mama, na ce ban kai shi ba."

"Ni na kai tawa. Kin ga waccan mai jar riga? Jikata ce. Da bakina na ce a yi mata allura. Mutumin ma ya ce in ba ta na sha, na ce ban yarda ba. Shekara huɗu ina cewa shan inna, yau da safe yarinyar ta tambaye mu wa ya yi mata."

Ngodoo ta daɗe tana murza bakin zaninta. Sai hawaye.

"Mijina bai sani ba. Uku aka yi masa. Na biyu ne ya yi ihu, bai ƙara tsayawa daidai ba."

"Yaushe?"

"Sati biyar."

"To tashi ki koma ki faɗa musu. Ba a makara ba, ke kam."

Wata mata a ƙarshen benci ta gyara goyonta ta ce, kamar da bango take magana, "Nawa a bayan tasha aka yi."

Sailuba ta shiga ofis. Fuskoki uku suka bayyana a kwamfuta. Ta tsakiya dattijuwa ce mai tabarau, Farfesa, shugabar sashe. Da Turanci aka yi komai. Aka tambaye ta hanyar da jijiyar take bi daga ƙugu zuwa ƙafa, ta zayyana. Aka tambaye ta yadda ake bambance wannan da shan inna, ta amsa har na hagun ya gyaɗa kai.

Farfesa ta cire tabarau. "Takardarki ta yi kyau, amma ba za ta yiwu ba. Na taɓa ba wani ɗalibi irin wannan aiki, wata takwas yana yawo da takardar tambayoyi, ya dawo babu komai. Uwa ba ta cewa ita ta kai ɗanta aka nakasa. A cikin arba'in da ukunki ma tara suka amsa. Me za ki yi da shi bai yi ba?"

Da jiya ne aka yi mata wannan tambaya, da horar da masu tambaya za ta ce, kamar yadda ta haddace.

"Ba ni zan tambaye su ba, ranki ya daɗe. Farar rigata suke tsoro. Wadda ta taɓa kai nata ce za ta zauna da su a benci, ta fara faɗar nata."

"A ina kika karanta wannan?"

"Ban karanta ba. Ɗazun nan na gani, kafin in shigo. Na tambayi wata uwa sau biyu ta musa. Wata tsohuwa ta zauna kusa da ita da lemo, kafin ta gama ɓarewa mata biyu sun amsa, ɗaya har da kwanan wata."

"Tsohuwar ma'aikaciyarku ce?"

"Mahaifiyata ce. Yarinyar da ta kai kemis 'yata ce."

Sailuba ta saci kallon wayar Terhide a taga, ko netwok ne ya tafi. Farfesa ta mayar da tabarau ta yi rubutu. Sannan ta sauya harshe zuwa Hausa.

"Ki gaishe mini da ita."

Bayan la'asar suna cikin keke, daidai shataletale, wayar Sailuba ta yi ƙara. Ta karanta saƙon sau biyu, ta rungume Bilqis har yarinyar ta ce ta matse ta.

"An ɗauke ni, Iya! Farfesa ma tana gaishe ki. Da ke aka ci."

"To ni ma an ɗauke ni ke nan? A wane aji za a sa ni?"

Mai keke ya yi dariya, ya danna oda sau uku. Iya ta juyo ta kama hannun jikarta.

"Bilqis, tambayarki ta safe. Ni ce. Ban yi da nufi ba, amma ni ce."

Yarinyar ta dube ta, ta dubi takalmin. "To ke za ki riƙa ɗaure mini in Mama ta tafi makaranta. Kuma kar ki matse, Mama matsewa take yi."

"Na ji, uwata."

Kai kuma mai karatu, ko ke, ku ji da kyau. In yaro ya yi zazzaɓi, kada ku nace sai an yi masa allura, kuma kada ku tuɓe masa wando a gaban wanda ba ku san inda ya koyi aikin ba. In kuwa an riga an yi, kuka ga ƙafa tana shara ƙasa, ku kawo shi sashen gashi a satin nan, ku faɗi ranar da aka yi. Jijiya ba ta jiran kunyarku ta wuce.