'Yar Durgun da Kawu Ya Kawo

Doka ɗaya ce a gonarmu, kuma ni na kafa ta da bakina: baƙuwar kaza ba ta shiga cikin kajina sai ta yi sati biyu a killace. Na faɗa wa mijina Datti, na faɗa wa maƙwabta, har masu zuwa sari daga kasuwar Ajingi ba na barin su tsallaka raga da takalmansu. Matan garinmu Gafasa suka laƙaba mini Likita. Ko a jikina, tunda ba su ke saya mini dusa ba.

Kaji ɗari da arba'in gare mu a lokacin. A sake muke kiwonsu a gonar gyaɗarmu ta bayan gari, cikin raga mai turaku da muke cirewa duk kwana uku mu matsa gaba. Su yi kalar gyaɗar da ta saura a ƙasa, su tona gara, su bar mana taki. Akurkin ma mai tafiya ne, Datti ya sa masa tsofaffin tayoyin baro. Daga kaji tara muka fara, shekara biyu muna fama kafin mu kai nan.

Kajin nan su suka zaunar mini da miji a gida. Kafin su, da an gama kaka Datti zai ɗauki jaka ya tafi cirani Fatakwal, ba ni ƙara ganinsa sai ruwa ya sauka, ya dawo a rame kamar karan dawa. Wannan ce shekarar farko da kaka ta wuce jakar tana rataye a ƙusa.

Hankalina ya fara tashi ne ranar da Datti ya dawo daga kasuwa yana cewa kaza ta yi arha, zakaran da ake rantsuwa a kansa yanzu roƙonka ake ka ɗauka. Shi murna yake, wai ko mu ƙaro. Na ce masa a kul. Duk mai kiwo ya sani, in kaza ta yi arha ba gaira ba dalili, to ciwo ya shiga wani gari, mutane na rige-rigen rabuwa da nasu kafin su mutu a hannunsu. Na buga wa malamin dabbobi waya, ya ce sai Asabar zai samu maganin rigakafi ya zo. Ranar nan Lahadi ce. Na dinga lissafa kwanakin da yatsa kamar mai jiran haihuwa.

Litinin da hantsi muna gona, Datti na kafa turaku ina zuba ruwa a mazubi, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, Inna Hansai, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. A Balan yake zaune, kuma rabonsa da taka Gafasa tun sunan ɗiyata ta fari. Na durƙusa na gaishe shi, Datti ya cire hula ya tsuguna can gefe kamar yadda suruki ke yi. Sai a lokacin na lura da abin da ke hammatar Kawu.

"Suwaiba, dube ta da kyau. Kin gane ta?"

Kaza ce ja, durgu, mai gajerun ƙafafu, da ɗigon baƙi a wuya. Ta yaya ba zan gane ta ba? Da irinsu na buɗe ido a tsakar gidanmu. Inna ba ta kiwon wata kaza sai su, ta ce sun fi kowace iya riƙon 'ya'ya.

"Tsatson kajin Yaya Hansai ce," in ji Kawu. "Da aka raba kayanta kowa ya ɗauki tasa da zani, ni na ce a ba ni kajin. Sun yi albarka kuwa, 'yar nan. To sati biyun nan ciwo ya shigo mana, ya share gidan tas. Ita kaɗai ta rage. Na kwana ina tunani, na ce kafin ita ma ta bi su, gara in kai ta inda ake da lafiya. Ina kuma ya fi wurinki? An ce naki ko tari ba sa yi."

Datti ya ɗago kai ya dube ni. Shi dai ba shi da bakin magana a gaban kawun matarsa, ko da gonar ce za ta kama da wuta. Maganar tawa ce, dokar ma tawa ce. Abin da ya kamata in ce kawai shi ne, Kawu, bari in kife ta a kwando tukuna. Kalma nawa ce wannan? Ni da na taɓa korar matar mai unguwa daga bakin ragar nan saboda ta zo da kaza a hannu.

Amma tsohon nan ya riga ya tsuguna a bakin raga yana kwance tsumman da ya ɗaure mata ƙafa, yana bisimilla, yana kiran sunan yayarsa. Idonsa ya kawo ruwa. Tun daga Balan ya taso a kan babur da ciwon bayansa don ya kawo wa 'yar Hansai kazar Hansai. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle irin wannan. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Kawu. Allah ya jiƙan Inna."

Ya ɗaga raga ya sake ta. Ta girgije, ta yi 'yar tafiyarta ta durgu, ba ta zarce ko'ina ba sai mazubin ruwan da na cika yanzun nan. Ta tsoma baki ta sha, ta ɗaga kai, ta sake tsomawa. Nawa suka taru suna sha tare da ita.

Kawu bai tafi ba sai bayan azahar. A gindin gawo ya ci tuwonsa yana kallonta yana jin daɗi, wai har ta saba. Ni kuwa ina zaune kamar a kan ƙaya, ina dariyar yaƙe. Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na tsallaka raga da gudu. Na kama ta, na kife ta a kwando can ƙarshen gona. Na zubar da ruwan, na wanke mazubai da toka da tafasasshen ruwa, muka cire raga muka matsa gaba ba lokacin matsawa ba. Duk wannan ihu ne bayan hari, kuma na sani.

Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In ina gida, sai in ji kamar ana kirana a gona. In na je gona, in tsaya ina ƙirga su, in ɓata, in sake daga farko. Wadda ta lumshe ido don rana sai in kore ta in ga ko za ta gudu. Na koma mai duba kashin kaji, ina tona shi da tsinke. Sau biyu miyata na ƙonewa. Datti bai ɗora mini laifi ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Haushin kaina nake ji, ina jin haushin Kawu, sai kuma in ji kunyar jin haushinsa.

Talata lafiya, Laraba lafiya. Alhamis har na fara cewa ko Allah ya rufa asiri.

Juma'a da safe na tarar da babban zakaranmu a tsaye shi kaɗai, fukafukai a zube, yana numfashi da baki a buɗe. Kafin la'asar wuyansa ya murɗe yana kallon sama. Malamin dabbobi ya zo Asabar kamar yadda ya ce, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce rigakafi sunansa rigakafi, ba ya korar abin da ya riga ya shiga. Ya ce mu ware masu ciwo, mu binne matattu da zurfi, kada kaza ɗaya ta fita daga gonar nan. Na ce masa to, ai ni ce mai koya wa mutane wannan.

Datti ya haƙa rami a gefen gona. Bayan kwana uku ya haƙa na biyu. Kullum da safe sai mu kwashe su a baro, ashirin, sha biyar, wata rana talatin. Na yi kuka har na gaji na daina. Cikin kwana goma kaji sha tara suka rage mana. Ita kuwa 'yar durgu tana cikin kwandonta garau, tana cin tsaki, har ƙiba ta yi.

Ranar da na dawo gida na tarar Datti ya sauko da jakar daga ƙusa yana ɗinke hannunta, sai na gane cirani zai koma. Bana kam ta riga ta lalace, wannan na sani. Amma in sha taran nan suka rayu, da su za mu tayar da wani garken, baɗi ya zauna. In suka ci gaba da kwana a gonar da ciwo ya cika, ban ga abin da zai hana su bin sauran ba.

Sai na tuna da Hindatu, ƙanwar Datti da ke aure a Ajingi. Gidanta da fili, kajinta talatin da wani abu, ba abin da ya taɓa su. Na buga mata waya.

"Haba matar Yaya, har sai kin tambaya? Kawo su mana, ai gida ne."

Washegari da sassafe na yayyaga tsohon zani na tafi gona. Ina kama su ɗaya-ɗaya ina ɗaure ƙafafu, ina jerawa a inuwar akurki. Na ɗaure sha ɗaya Datti ya iso.

"Ina kuma za a kai su?"

"Gidan Hindatu. Can akwai lafiya. Waɗannan ai sun tsira, dube su, garau suke."

Ya juya ya dubi ƙarshen gona, inda kwandon yake.

"Ita ma garau take," in ji shi.

Na tsaya da tsumma a hannu, kaza a hammata, a tsugune a bakin raga. A raina na hango kajin Hindatu talatin sun taru a mazubi ɗaya da nawa, ita kuma tana tsaye tana mini dariya tana cewa Allah ya saka da alheri. Duk haushin Kawun da na ƙunsa sati biyu ya fita daga raina, ya bar ni da tausayinmu ni da shi.

Na zauna a ƙasa na fara kwance su. Ɗaurina ba ya kwantuwa da sauƙi, wasu sai da na sa haƙori. Datti ya tsuguna ya taya ni, muka mayar da su cikin raga. Na buga wa Hindatu na ce kada ta jira mu, kuma kada ta zo gaishe ni sai bayan wata guda.

Daga nan na ɗebi tsaki na kai wa 'yar durgun Inna, na canja mata ruwa. Sannan na wuce gida na ɗora kasko, don motar Fatakwal ranar Alhamis take tashi daga Kano, kuma Datti ba ya tafiya sai da soyayyar gyaɗa a jaka.