Tsibirin Kakan Ayyash

"Ku ɗaga kifi!" in ji Hizam mai tuƙi. "Ku ɗaga su gani, kafin su buɗe mana wuta!"

Mahyub ya dubi cikin kwalekwalen. Babu kifi. Tun da jiragen yaƙi suka cika mashigar Babul Mandab suna gadin jiragen mai, haka masunta ke yi: in sojan ruwa sun nufo ka, ka ɗaga babban kifi sama, a san kai ba ɗan fashin teku ba ne. To yau ba kamun kifi ya kawo su ba. Gawar maƙwabcinsa suka ɗauko, Baba Ayyash, naɗe cikin tabarma.

Shekaranjiya ya kai wa tsohon gahawa a gadonsa na igiya. Tsohon bai sha ba, sai ya damƙe masa hannu.

"Kai yaro, tsibiri za ka kai ni, kusa da kakana."

"Baba, sojoji sun kafa sansani a can."

"Sojoji! Da kakana ke tsallaka ruwan nan da dabino da Alƙur'ani, yana koya wa mutanen ƙetare salla, izinin uban wa ya nema? In ka binne ni a tudu, ban yafe ba."

Mahyub ya ce to. Wa ke musu da mai barin duniya?

Yanzu ga tsibirin nan a gabansu, har ana hango fararen duwatsun maƙabarta, ga kuma jirgin sintiri ya gitta a tsakani. Mahyub ya kama wajen kai, ɗan'uwan Hizam ya kama ƙafafu, suka ɗaga Baba Ayyash sama yadda ake ɗaga kifi.

"Gawa ce!" Hizam ya ƙwala. "Binnewa za mu yi mu tafi!"

"Ku koma," in ji lasifikar jirgin sintirin, da gurguwar Larabci.

"Ɗan tsibirin ne, wallahi!"

"Ku koma."

Bakin bindigar jirgin ya juyo a hankali. Hizam ya tofar da yawu a ruwa. "Mahyub, ina da 'ya'ya. Kada gawa ɗaya ta zama huɗu." Ya karkata injin.

Mahyub ya jira fushi ya zo, ko kuka. Shiru. Abin da ya ji kawai shi ne tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan.

Da suka dawo, Zahara, matar mamacin, tana zaune a bakin gaɓa. Ta dubi tabarmar.

"Ku shigo da shi inuwa," ta ce. "Ya sha rana."

Bayan la'asar aka sa shi a maƙabartar tudu. Mahyub ne ya shiga ramin ya karɓe shi, ya kwantar da shi a gefen dama, ya juya fuskarsa alƙibla, arewa ke nan. Tsibirin kuwa yana kudu, a bayan ƙeyarsa.

Da ya fito yana kakkaɓe ƙasa, wani jirgin mai na wucewa can nesa. Sai da ya ɓace sannan igiyar ruwansa ta iso gaɓa, ta ɗan girgiza kwalekwalen.