Ruwan da Ya Kwana a Bututu

Katan ɗaya na ruwan gora. Tawul biyu. Rediyo. Tabarau. Ayaba, wadda na san ba zai ci ba. Abin da ke kan cinyata ke nan a bayan tasi, ranar da Baba Mai Famfo ya cika kwana huɗu a asibiti.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ma'aikatar tace ruwa kafin ya yi ritaya. Ni kuwa shekara tara na yi ina karatu a ƙasar waje, na dawo da takardar shaida da cikin da bai yarda da kowa ba. Tun da na sauka ban kai ruwan famfo bakina ba. Shi ya sa ya laƙaba mini suna Bature.

"Bature," yakan ce ta saman katanga, "an kawo maka ruwan robar taka?"

"A rufe yake, Baba. Babu hannun da ya taɓa shi."

"Ka san kwana nawa ya yi a bayan mota rana tana gasa shi?"

"Naku fa? Bututu duk tsatsa."

"Ranar da ya zo da launi ka tafasa. Ranar da ya zo garau ka sha, ka gode wa masu aikin."

Ba mu taɓa daidaitawa ba.

Babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya, ta tare ni a bakin ɗakin da aka kwantar da shi.

"Tun jiya ya ƙi shan ruwa," ta ce. "Jijiyoyinsa sun gaji da allura, ƙarin ruwan ba ya zama. Likita ya ce in bai sha da baki ba, ƙoda za ta tsaya. Ga ƙanena yana hanya, sai jibi zai iso."

Na shiga, na gaishe shi, na ɓalle murfin gora na zuba a kofi. Ya rame, amma idon nan yana nan.

"Har nan ka biyo ni da shi?"

Ya jiƙa leɓe, ya kawar da kai.

"Kamar mutum ya lashi leda."

"To me za ka sha, Baba?"

"Na gidana."

Yaya ta dubi nas. Nas ta ce, "In dai mai tsabta ne, ku kawo. Ni ya sha kawai nake so."

Tafiyar minti arba'in ce. Na buɗe gidansa, na ɗauki kwalbar gilashin da ke kan taga, na tara a famfon tsakar gida, na cika, na juyo a guje.

Ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Sai ya jawo tasa ya furzar.

"Ba ka bar shi ya zuba ba."

Na dubi kwalbar.

"Kwana huɗu ba a murɗa famfon nan ba. Ruwan da ya kwana a bututu ka kawo mini. Shekara tara kana karatu, Bature!"

Yaya ta tuntsire da dariya har tana share ido da gefen mayafi.

Ya jera mini yadda ake yi, yana hutawa tsakanin kalmomi. A murɗa. A tara bokiti, na farkon na bishiyar lemo ne, ba a zubarwa a banza. A sa bayan hannu, ba tafi ba, tafi ba ya jin komai. A jira sai ɗumin ya wuce, sanyi ya zo. A ɗauraye kwalba sau uku. A ɗaga ta a haske. A shinshina.

Tun ina yaro nake ganin yana yin haka kowace safiya. Na ɗauka tsufa ne.

Na sake komawa. Na tara bokiti, na sa bayan hannuna. Da fari ɗumi, kamar ruwan da aka manta a buta. Na tsaya. Bokitin ya kusa rabi kafin sanyin ya iso, kuma da ya iso babu tantama.

Wannan karon ya sa tabarau, ya ɗaga kofin wajen taga, ya daɗe yana dubawa.

"Yaran suna aiki," ya ce. Waɗanda ya koya wa aiki yake nufi, waɗanda yanzu duk sun yi furfura.

Ya shanye. Ya miƙo kofin a ƙara.

Kwana uku ina wannan zirga-zirgar, safe da yamma. Katan ɗin da na kai, masu jinya a ɗakin suka raba. Ƙodar ba ta tsaya ba. Ɗansa ya iso ya same shi da hankalinsa, suka yini suna magana, har Baba ya yi masa faɗa a kan tumbin da ya ajiye. Zuciya ce ta tsaya, ranar Alhamis da hantsi, rediyo yana kunne a gefen matashinsa. Ruwa kaɗan ya rage a kwalbar.

Bayan kwana biyu ina kicin ina neman gora, Inna ta ce, ba tare da ta ɗago daga wanke-wanke ba:

"Wata guda kafin ka dawo Baba Mai Famfo ya tone tsohon bututun gidan nan, ya sa sabo, daga bakin titi har nan. Kwana uku yana durƙushe, da wannan gwiwar tasa."

"Don me?"

"Ya ce cikin yaron ya saba da wani ruwa, kada tsatsa ta wahalar da shi."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce in ka ji, don kunya za ka sha. Shi kuwa ba haka yake so ba."

Na fita tsakar gida, na jawo bokiti, na murɗa famfo. Ina tsaye aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kawo ruwa ne, katan biyu a kafaɗa kamar kowane mako.

"Ka mayar," na ce.

"Yallaɓai, wani abu ya samu ruwan ne?"

"Babu abin da ya same shi. In zan yi tafiya zan neme ka. A gida dai na daina."

Na rufe ƙofa. Ruwa yana ta zuba a bokiti. Na koma na sa bayan hannuna.